Jinjina ga Ma'aikatan Jinya

Babban nauyin aikin nas a zuciya yake: ta san abin da ya dace da majinyaci, amma hali ya ɗaure mata hannu. Tukunyar oksijin ɗaya ce, yara biyu na haki. Wa za ta sanya wa? Mai naƙuda na zubar da jini, miji na can yana neman kuɗi. Dangi sun ce a ɓoye wa dattijo cutarsa, shi kuwa gaskiya yake tambayarta.

Da wannan damuwa take kwana, washegari ta dawo bakin aiki da fara'a. Bikin ranar ma'aikatan jinya, 12 ga Mayu, bai isa godiya ba. A wadata su da kayan aiki, a ƙara musu hannu, a saurari kukansu.