Masu Karanta Ƙanƙara

Wanda ya taso daga Kuki da sanyin hunturu ya isa bakin dam ɗin Zobe, kusa da Dutsin-Ma, zai ga abin da masunci ke yi kafin ya kwance kwalekwale. Yakan tsaya ya ƙare wa ruwa kallo, ya ji inda iska ta dosa, ya tuna inda kututture ke kwance a ƙasa. Wannan tsayuwa ita ce rabin tuƙi.

Can ƙuryar arewacin duniya, a tekun Aktik, wannan kallon ne ke raba mai dawowa da wanda ba a ƙara jin ɗuriyarsa. Ruwan gishirin can yakan daskare idan sanyi ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifiri, ƙanƙarar kuma ba ta zama wuri ɗaya. Iska na kora ta kamar garken shanu, ta buɗe hanya da safe, ta rufe kafin la'asar.

Gwanin matuƙi sama yake fara dubawa. In ya hangi gindin gajimare ya yi fari fat yana ƙyalli, ƙanƙara ce shimfiɗe a ƙarƙashinsa. In ya yi duhu, buɗaɗɗen ruwa ne, sai ya karya akalar jirgi can. Yana kuma rarrabe ƙanƙara da launinta: mai ruwan toka sabuwa ce, jirgi na iya keta ta, amma mai shuɗi-shuɗi ta shekara da shekaru, gishirinta ya tsiyaye, ta yi tauri kamar fa. Iskar da ta taso daga tudu takan ture ƙanƙara ta bar siririn lungu a gefen gaɓa. In ta juyo, sai a nemi mafaka.

A 1845 Ingila ta tura John Franklin da manyan jirage biyu, Erebus da Terror, su nemo hanyar da ta ratsa arewacin Kanada. Ƙanƙara ta ritsa da su, mutum 129 babu wanda ya dawo. A 1903 sai Roald Amundsen, ɗan ƙasar Norwe, ya fito da Gjøa, ɗan jirgin kamun kifi, su bakwai kacal. Ƙanƙantar jirgin ce ta ba shi damar bin gaɓa, ta mashigun da babban jirgi zai kafe. Ya yi hunturu biyu a tsibirin King William, yana koyo wurin Inuwit, 'yan asalin wurin: yadda ake sa tufar fatar dabba, yadda ake tafiya da keken karnuka. A 1906 ya isa garin Nome na Alaska, ya zama na farko da ya ratsa hanyar kaf cikin jirgi. Shekara uku ya ci a tafiyar, amma sannu ba ta hana zuwa.

Jiragen Franklin kuwa sai a 2014 da 2016 aka gano su a ƙarƙashin ruwa, a yankin da labaran bakin Inuwit suka daɗe suna nunawa. Ashe ko a tekun da babu turba, matambayi ba ya ɓata.