Tsanin da Aka Cire wa Matakin Farko

Bayan na kammala digirina na farko a fannin Hausa, na koma gida Buji ina jiran kiran bautar ƙasa. Da zaman ya yi tsawo, sai na roƙi shugaban wata makarantar firamare ya ba ni aji in riƙa taimakawa, ya kuwa ba ni aji huɗu. Ranar farko na shiga da Magana Jari Ce a hammata, cike da ɗoki, domin na yi shekara huɗu a jami'a ina feɗe littafin ta fuskar jigo da salo da zubi da tsari. Na buɗe na miƙa wa wani yaro da ke zaune a gaba, na ce ya karanta mana layi biyu. Ya riƙe littafin da hannu bibbiyu kamar wanda aka ba ajiyar ƙwai, ya dube shi, ya dube ni, sannan ya ce a hankali, "Malam, ka fara faɗa, sai mu maimaita."

Yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Yana rera jadawalin sau tun daga sau biyu har sau goma sha biyu ba tuntuɓe, yana kuma kawo taken ƙasa da Turanci. Amma da na rubuta "rago" a allo na ce ya nuna mini inda "go" take, sai ya sunkuyar da kai. Shekara huɗu yana zarya zuwa makaranta, kunnensa ya kwashi abu da yawa, idonsa kuwa ba a taɓa buɗe masa ba. Tun daga ranar nake tuhumar abin da muke kira nazarin adabi, kuma tuhumar ce ta haifi wannan sharhi. Mun taru a ƙolin tsani muna yabon Imam da Tafawa Ɓalewa, alhali matakin farko, wato littafin da ɗan shekara shida zai fara haɗa baƙi da wasali a cikinsa, mun bar gara ta cinye shi.

Cutar ba ta Buji kaɗai ba ce. A 2022 Bankin Duniya da UNICEF da UNESCO da wasu hukumomi sun fitar da rahoto a kan abin da suka kira talaucin koyo, wato yaro ya kai shekara goma bai iya karanta ɗan gajeren rubutu ya fahimta ba. Sun ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, yara 70 cikin 100 na cikin wannan hali, a Afirka kudu da Sahara kuwa 89 cikin 100. A Najeriya dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta kai yaro makaranta. Sai dai zama a aji daban, koyo daban.

Magabatanmu a boko sun fahimci wannan fiye da mu. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, wadda ta koma Zariya ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East, buƙatar makarantu ce ta kawo ta. Gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi an shirya ta ne domin wanda ya koyi boko ya samu abin karantawa. A 1936 aka ɗauko Abubakar Imam daga Midil ta Katsina zuwa Zariya, ya rubuta Magana Jari Ce domin 'yan makaranta. A ƙasa da waɗannan kuma akwai ƙananan littattafai da sunayensu kaɗai suka isa su nuna tsarin: Ka Koyi Karatu, Ka Ƙara Karatu, Ka Yi Ta Karatu. Mataki ne bisa mataki, daga harafi zuwa kalma, daga kalma zuwa labari, har a kai ga Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 da hukumar NORLA sun bi wannan tafarki ga manya.

Kuskurena a ranar farko shi ne na ɗauki ƙolin tsani na aza a ƙasa. Gwanintar Imam ba abar jayayya ba ce. Ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da wasu wurare, ya sa musu riga da rawani, ya ɗora su a bakin aku, har mai karatu ya rantse a Hausa aka haife su. Amma jimlolinsa dogaye ne, cike da aron Larabci da habaici da maganar fada. Duk wannan zuma ce ga wanda idonsa ya riga ya saba gudu a kan layi. Ga wanda yake rarrafe daga harafi zuwa harafi kuwa, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Imam ya rubuta wa yaron da wani ya riga ya koya wa karatu. Wancan "wani" shi ne ya yi ƙaranci a yau.

Abin takaici, adabinmu ya ci gaba da tsawo ta sama. Adabin kasuwar Kano ya bunƙasa tun daga shekarun 1980, ya ba mu Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da ɗimbin marubuta, ya kuma riƙe karatun Hausa a hannun matasa da matan aure. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta fito da sababbin alƙaluma na mata. Duka abin alfahari ne, amma duka na manya ne. Mai shiga kasuwa zai tarar da littattafan soyayya da na addini, da wuya ya ga littafin Hausa mai shafi goma sha shida da manyan haruffa da hotuna wanda uba zai saya wa ɗansa da kuɗin tsire. A jami'a ma muna rubuta kundin digiri a kan jigon gargaɗi a waƙa da zube, muna ganin littafin ɗan aji ɗaya bai kai a kira shi adabi ba.

Giɓin da marubuta suka bari, shirye-shiryen tallafi ne suka yi ƙoƙarin cikewa. An yi Mu Karanta! a Bauchi da Sakkwato da tallafin Amurka, an yi RANA a Katsina da Zamfara, a nan Jigawa kuma an yi ESSPIN, daga baya PLANE, da tallafin Birtaniya. Adalci ne a yaba wa littattafan koyon karatu da irin waɗannan shirye-shirye suka kawo. Suna farawa da sautin harafi, su haɗa gaɓa, su gina kalma, ba sa ba yaro kalmar da bai koyi haruffanta ba. Hausa kuwa ta dace da wannan hanya, domin wasulanta biyar ne, galibin gaɓoɓinta baƙi ne da wasali, kuma kusan yadda ake furta ta haka ake rubuta ta.

Duk da haka ina da ƙorafi biyu. Na farko, littafin da aka raba kyauta a ƙarƙashin shiri, rayuwarsa a ɗaure take da rayuwar shirin. Idan kuɗi suka yanke, littafi ya yage, babu rumfar da uba zai je ya sayo wani. Na biyu ya shafi adabi kai tsaye. Tsoron wuce haruffan da aka koyar yakan sa marubucin irin wannan littafi ya jera jimloli sahihai amma marasa rai, babu dariya, babu fargaba, babu abin da zai sa yaro ya ƙagu ya juya shafi. A Hausa wannan ba ƙaramin rashi ba ne, saboda rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. "Gari" na iya zama wurin zama, yana iya zama na tuwo. "Kuka" na iya zama bishiya, yana iya zama na hawaye. Abin da ke raba su shi ne maganar da ke kewaye da su. Ashe yaron Bahaushe ba zai iya karatu da jerin kalmomi kaɗai ba, dole sai da labari. A nan aikin malami ya tsaya, na marubuci ya soma.

Akwai kuma darasin da ke ƙofar gidanmu muka tsallake. A makarantar allo yaro yakan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, kuma ba a wanke masa allo sai ya biya abin da ke kai. Kowa da inda ya tsaya, malam kuma ya san matsayin kowa. Ana iya sukar makarantar allo ta wasu fuskoki, amma wannan ƙa'ida sahihiya ce. Ita ce ƙungiyar Pratham ta Indiya ta gina tsarinta a kai, na karkasa yara bisa abin da suka iya maimakon shekarunsu, tsarin da aka gwada a Wudil da Dawakin Tofa a Jihar Kano. Firamarenmu kuwa takan ciyar da yaro gaba duk shekara, ya iya ko bai iya ba. Haka yaron nan ya kai aji huɗu da allon da bai taɓa biyawa ba.

Lissafi ma haka yake. A ajin nan akwai wata yarinya mai tallar gyaɗa da yamma. Na rubuta 500 – 350 a allo, ta yi shiru. Sai na ce, "'Yan mata, na sayi gyaɗar ɗari uku da hamsin, na ba ki ɗari biyar, nawa ne canjina?" Kafin in rufe baki ta ce, "Ɗari da hamsin, Malam." Lissafin yana kanta, alamomin ne baƙi a wurinta. Yaron da ya tashi a cikin gero da riɗi da zoɓo ya san tiya da buhu, ya san rabon iri a rami, yarinya ta san ƙirga a carabke, samari sun san shi a dara. Harshen kansa yana ɗauke da lissafi, domin mai cewa "ashirin ba ɗaya" ya riga ya yi ɗebewa. Littafin lissafi nagari shi ne wanda zai ɗauko yaro daga faifan talla ya kai shi ga alama, maimakon ya sa shi rera jadawali da harshen da bai sani ba.

Wannan ya kawo mu ga batun harshe. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta amince a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa. Gwajin shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci ba su yi asarar Turanci ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da harshen uwa a dukan shekarun firamare, sai kuma a Nuwamba 2025 ministan ilimi ya sanar da soke wannan, aka koma Turanci, bisa hujjar faɗuwa a jarrabawa. Ba na raina damuwar iyaye, domin da Turanci ake jarrabawa, da shi ake neman aiki. Na kuma san cewa a Buji akwai yaran ruga da Fulatanci ne harshensu na farko, waɗanda su ma suna da haƙƙin littafi. Amma manufar da ba a buga mata littattafai ba, ba a horar mata da malamai ba, ba a gwada ta ba balle a ce ta gaza. Karatu sau ɗaya ake koyon sa. Wanda ya gane cewa alama tana ɗauke da sauti a harshen da yake mafarki da shi, zai ɗauki wannan sani ya shiga kowane harshe.

Saboda haka ina da buƙata uku. Masu shirya gasa su ware rukuni na littafin ƙananan yara, kamar yadda gasar 1933 ta amsa buƙatar zamaninta. Sassan Hausa na manyan makarantunmu, daga Kwalejin Ilimi ta Gumel zuwa Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, su ɗauki littafin aji ɗaya a matsayin matanin nazari, a auna kalmominsa da labarinsa da hotunansa yadda ake auna Ruwan Bagaja. Mu kuma matasan marubuta mu sauke girman kai. Rubuta labari mai daɗi da haruffa goma kacal ya fi rubuta shafi ɗari wuya, kuma wanda ya iya shi ya cancanci a kira shi gwani.

Na ajiye Magana Jari Ce a gida bayan wancan mako. Na yayyanka kwalin sabulu na rubuta gaɓoɓi, na ƙaga wani ɗan labari na akuyar da ta ci takardar malam, muka yi ta fama. Kafin kiran bautar ƙasa ya zo, yaron nan ya karanta labarin akuyar shi kaɗai, yana bin layi da yatsa, ya tsaya a tsakiya ya tuntsire da dariya. Ban gaya masa wurin dariyar ba, shi ya gano. Da ya gama ya ɗago kai ya ce, "Malam, akwai wani?" Ban da wani a hannuna, kuma har yau tambayarsa tana jiran amsa daga gare mu.