Inside Out: Fim Ɗin da Ya Bar Yarinya Ta Yi Kukanta

A watan Yunin 2015 kamfanin Pixar na Amurka ya fitar da fim ɗin katun mai suna Inside Out, wanda Pete Docter ya ba da umarni, a 2016 kuma ya lashe kyautar Oscar ta finafinan katun. Labarin ba shi da yawa. Riley yarinya ce 'yar shekara 11, ita kaɗai iyayenta suka haifa. Aikin mahaifinta ya tashe su daga jihar Minesota zuwa birnin San Faransisko, ta bar gidansu da ƙawarta da ƙungiyar da take buga wa wasan hoki a kan ƙanƙara. Ba a yi mutuwa ba, ba a sace kowa ba. Amma duk wanda ya ga yaran da aka kwaso daga ƙauyukan Maradun da Bakura zuwa cikin garin Talata Mafara, kayan gida ƙunshe a zane, zai gane shirun da ya sauko wa yarinyar nan.

Hikimar fim ɗin ita ce ya shigar da mai kallo cikin kan Riley. A can akwai halittu biyar da ke karɓa-karɓa a gaban wani tebur mai maɓallai: Farin Ciki, Baƙin Ciki, Tsoro, Fushi da Ƙyama. Kowace da launinta da aikinta. Tsoro yana kare yarinya daga haɗari, Ƙyama tana hana ta cin abin da zai cuce ta, Fushi yana tashi in an yi mata rashin adalci. Baƙin Ciki ce kaɗai ba a san amfaninta ba. Har akwai inda Farin Ciki ta ɗauki alli ta zana da'ira a ƙasa, ta ce mata ta tsaya ciki kada ta taɓa komai. Docter ya ce tunanin fim ɗin ya zo masa ne da ya ga 'yarsa mai yawan fara'a ta fara janye jiki a daidai waɗannan shekarun, ya kuma nemi shawarar masana halayyar ɗan Adam biyu, Paul Ekman da Dacher Keltner.

Wuri biyu ne, a ganina, suka ɗauki nauyin fim ɗin gaba ɗaya. Na farko, daren da uwar Riley ta zo bakin shimfiɗarta ta yaba mata da ba ta ɓata rai ba, ta roƙe ta su ci gaba da murmushi saboda uban yana cikin damuwa. Da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ta ɗora wa yarinya kayan da suka fi ƙarfin wuyanta. Mu ma haka muke yi. "Yi shiru, ai ke babba ce." "Namiji ba ya kuka." "Kada ka tayar wa Inna hankali." Yaro ya haɗiye, mu ce ya yi hankali.

Na biyu shi ne na Bing Bong, abokin wasan da Riley ta ƙirƙira a zuciyarta tana ƙarama. An jefar da keken da suke wasa da shi, ya zauna ya kasa motsi. Farin Ciki ta yi ta yi masa cakulkuli da wasa don ya manta, a banza. Sai Baƙin Ciki ta zo ta zauna kusa da shi, ta ambaci abin da ya rasa, ta bar shi ya ba da labarinsa, ya yi kuka ya ƙoshi, sannan ya miƙe da kansa ya nuna musu hanyar komawa gaban teburin. Gajeren wuri ne, amma ban san wani darasin reno da ya fi shi fitowa fili ba. Binciken da Matthew Lieberman ya jagoranta a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjeles a 2007 ya nuna cewa ambaton sunan abin da ake ji yana rage tashin sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da firgita. Da manya aka yi gwajin, amma kowace kaka ta san yaron da aka ce wa "ka tsorata ko?" ya fi saurin kwantawa a kan wanda aka daka wa tsawa.

Wani zai ce wannan tarbiyyar Turawa ce, mu da haƙuri aka san mu. To, ai Annabi Yaƙub ya yi kyakkyawan haƙuri, kuma idanunsa sun yi fari don baƙin cikin rabuwa da Yusuf. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya bayyana wa Abdurrahman bin Auf cewa rahama ce. Da tsuntsun wasan Abu Umair, ƙanen Anas bin Malik, ya mutu, Manzon Allah bai raina damuwar yaron ba, ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. Abin da Baƙin Ciki ta yi wa Bing Bong yana da asali a gidanmu.

Da Riley ta rasa hanyar faɗin abin da ke cinta, sai ta koma tsiwa da ƙunci, ta saci katin bankin uwarta, ta hau bas za ta gudu Minesota. Ba ta dawo hayyacinta ba sai da aka bar Baƙin Ciki ta kama teburin. Ta koma gida, ta tsaya gaban iyayenta ta ce tana kewar garinsu, su ma suka ce suna kewarsa, suka rungume ta.

Wannan yanki namu na Mafara da Bakura da Maradun ya ga abin da ya fi ƙaura. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata daga makarantar sakandaren Jangebe, aka sako 279 ranar 2 ga Maris. A watan Agusta aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗauke ɗalibai 73 a Kaya ta Maradun. An yi maganar waɗanda aka sace, kuma ya kamata a yi. Ƙannensu fa, 'yan shekara huɗu da biyar, da suka ga iyaye mata suna kuka, suka ji harbi cikin dare? Irin waɗannan yaran ne ke komawa fitsarin kwance, ko su manne wa uwa, ko su riƙa cin zalin na ƙasa da su, sai a kira shi rashin ji a ɗauko bulala.

Fim ɗin yana da nasa rauni. Tsakiyarsa ta yi tsawo, kuma akwai barkwancin da sai babba zai gane, don haka ɗan ƙasa da shekara bakwai zai iya ɓacewa a hanya in ba a zauna da shi ba. Halittu biyar sun yi kaɗan, masana irin su Lisa Feldman Barrett ma suna jayayya da ra'ayin Ekman cewa kowace al'umma iri ɗaya take ji take kuma nunawa. Sai a kashi na biyu, na 2024, aka shigo da Fargaba da Hassada da Jin Kunya. Gidan Riley kuma daga uwa sai uba. Babu kaka, babu gwaggo, babu malamin allo, babu addu'a, alhali a wurinmu sau da yawa su ne yaro ke iya buɗe wa ciki, musamman ɗan fari da uwa ke kunyarsa.

Duk da haka fim ne da ya cancanci a kalla, iyaye kafin yara. Ina roƙon masu fassara finafinai a Kano su ba shi Hausa mai tsabta wadda yaro zai gane. Malaman firamare da na Islamiyya a Mafara da Bakura da Maradun kuwa ba sai sun jira wuta ko waya ba: a zana fuskoki biyar a allo, a tambayi kowane yaro da safe wacce ce tasa yau, in ya nuna ta tsoro a zauna a ji dalili.