Tanka Biyu a Tsaye: Nazari a Kan Big Rig Jig

A shekarar 2007, a Hamadar Black Rock ta jihar Nevada a Amurka, mahalarta bikin Burning Man sun tarar da tankar mai biyu tsaye cikin rairayi. Mike Ross da abokan aikinsa ne suka sayo tsofaffin motocin, suka yanka su, suka sake haɗa su da walda, ɗaya ta kafa kai a ƙasa, ɗayar ta lanƙwasa a samanta kamar macijin da ya fasa kai. Tsayin aikin ya haura ƙafa 40. Sunansa Big Rig Jig, wato rawar manyan motoci. A hoto da bidiyo na san shi, kuma daga nan nake hukunta shi.

Abin da ya fara kama ni shi ne yadda aka raba nauyi da ƙasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gefen titin Kaduna zuwa Kano tanka ta wuce shi ya san yadda ƙasa ke rawa a ƙarƙashinsa. Ross ya ɗauki wannan dodon ya sa shi karya kwankwaso. Ƙarfen da ke riƙe da motocin yana ɓoye a cikinsu, don haka ido bai ganin dalilin da zai hana su rikitowa, kuma wannan fargabar ita ce rabin kyawun aikin. An kuma bar hanya a ciki, mutum ya shiga ta kan motar ƙasa ya yi ta hawa cikin tankin. Taken bikin na shekarar ya shafi muhalli ne, saboda haka aka karanta aikin a matsayin hannunka mai sanda ga duniyar da fetur ya sa wa takunkumi.

A nan kuɗi ke shigowa, kuma a nan nake da ja. Bikin yana alfahari da cewa ba a ciniki a cikinsa, ƙanƙara da shayin kofi kaɗai ake sayarwa a lokacin. Amma tallafin da masu shirya shi ke bai wa masu zane wani kaso ne na kuɗin aiki. Sauran sai mai aikin ya nemo ta hanyar gudummawa, ko aljihunsa, ko gumin 'yan sa-kai. Cinikin bai mutu ba, an dai tsayar da shi a bakin ƙofa. Sannan ƙarfe mai nauyin tan-tan bai zuwa tsakiyar hamada da ƙafarsa: manyan motoci masu shan gas ne suka kai shi, injin ɗaga kaya ya tsayar da shi, bayan mako guda suka kwashe shi. A wannan bikin dai aka ƙone wani katafaren hasumiyar haƙar mai, Crude Awakening, da man jirgin sama, wai don jan kunne game da mai.

Ba na kiran wannan munafunci, domin Ross bai ce hannunsa a wanke yake ba. Damuwata ita ce tankar da ya nuna wankakkiya ce, ba wari, ba ɗigo. Mai hawa cikinta yana wasa ne da kura wadda aka cire wa haƙora. A watan Oktoba na 2024 tanka ta faɗi a Majiya ta jihar Jigawa, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Tun daga ranar, in na kalli hoton Big Rig Jig, motar da ta kife nake gani, kuma idona na neman masu jarka a gindinta. Ross bai sa su ba. Ya kama girman mai da ban tsoronsa, ya bar talaucin da ke sa mutum ya ruga wajen abin da zai kashe shi.

Makomar aikin ta ƙara mini shakka. Ƙarfe bai ƙonewa kamar mutum-mutumin katakon da ake cinna wa wuta kowace shekara, dole a sama masa masauki da mai saye. A 2015 ya tsallaka teku zuwa Dismaland, baje kolin da Banksy ya shirya a Ingila. Daga baya ya sauka a Las Vegas, a farfajiyar Fergusons, tsohon masaukin matafiya da aka mayar wurin shaguna da shan shayi, inda masu yawon buɗe ido ke tsayawa a gabansa su ɗauki hoto kafin su shiga sayayya.