Faɗin ƙirji ba ya yin kisa

Tun da damben gargajiya ya hau YouTube da TikTok, musamman bayan fitowar tashar Dambe Warriors a 2017, abu ɗaya duniya ke kallo daga wasan: kisa. Wane ya saki hannu, wane ya zube, fili ya ruɗe, bidiyo ya ƙare. Ba mai ɗora mintunan da suka gabaci wannan, lokacin da mutum biyu ke zagaya juna, hannun garkuwa a miƙe, hannun mashi a ɗane, kowa na jiran ɗan'uwansa ya yi sake. Alhali a nan damben yake.

Samarin da suka koyi son dambe daga waya sun ɗauki darasin a karkace. Ka leƙa wuraren ɗaga ƙarfe na unguwa, inda ake cika gwangwani biyu da siminti a soke su da rodi, za ka tarar kowa ƙirji da damtse yake ginawa. Ƙafafuwa kuwa kamar na balbela. Ban ce ɗaga ƙarfe laifi ba ne. Amma naushin da ke kai mutum ƙasa daga tafin ƙafar baya yake tasowa, ya bi ta ƙugu, kafaɗa ta miƙa shi kawai. Wanda bai da ƙafa, shuri ɗaya ya isa ya sa gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa, kuma a dambe wannan ma kisa ne, ko da ba a daki fuskarsa ba. Ga batun numfashi: turmi uku ake yi, kuma tsoka mai kauri da ba ta saba da gudu ba tun a turmi na biyu take fara cin amanar mai ita. Mahautan da suka raini wasan nan ba su san gidan motsa jiki ba, amma mai kayar da sa, mai bin garuruwa a ƙasa lokacin kaka don neman abokin karawa, ƙafarsa da bayansa sun riga sun ginu.

Abin da ya fi damuna shi ne zuciya. An shirya filin dambe ne don ya tunzura mutum. Kalangu na kiran takenka, maroƙi na ambaton ubangidanka, 'yan Kudu ko 'yan Arewa na ihu a bayanka, abokin karawa na yi maka gatsine. Duk wanda ya saurari yadda Ɗan Anace ke wasa Shago ya san abin da kiɗa kan yi wa jinin namiji. Gwani shi ne wanda zai sha wannan zugar duka, jikinsa ya ɗau zafi, kansa ya tsaya a sanyaye. Mai fushi garkuwarsa ke fara sauka, daga nan sai labari. Wannan natsuwar koyonta ake yi: a sa ka gwada hannu da wanda ya fi ka, a dake ka, a hana ka ramawa sai ka ga ƙofa.

Wasu kuma sun nemi gajeriyar hanya, tramadol da wiwi. Ƙwaya na kashe jin zafi, gaskiya ne, amma tana kashe ido tare da shi, kuma wanda ba ya jin duka ba ya koyon kauce masa. Dauriya daban, mutuwar jiki daban.

Kamfanoni irin su African Warriors Fighting Championship sun shigo da kuɗi da kyamara, ina maraba da su. Sai dai kyamara ba ta horar da kowa. Dambe na da tsarinsa tun asali, shi ya sa ake jin Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane: kowane yaro da babban da yake ƙarƙashinsa. Wannan babban ne ya kamata a ƙarfafa, har a ware masa kaso daga abin da ake samu, domin shi kaɗai ne zai iya tayar da yaro gudun asuba, ya ƙwace ƙwaya daga aljihunsa, kuma idan an buge shi jiya har ya suma, ya kwance masa zare daga hannu ya ce yau ba za ka shiga ba, ko nawa aka sa.