Turaren cakulan mai ɗaci ya fi mai zaƙi

Turaren mai da ke ƙamshin cakulan iri biyu ne a kasuwa, ko da yake masu shago sukan jera su a kanta ɗaya, su kira su da suna ɗaya. Akwai mai zaƙi, wanda ke tashi kamar alawar madara da banila. Akwai kuma mai duhu, mai ɗaci-ɗaci da ɗan ƙauri da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na farkon ya cika gari, samari da 'yan mata sun raja'a a kansa. Na biyun bai samu wannan karɓuwar ba, alhali shi ya fi kyan haɗi, ya fi jure zafi, kuma ya fi kusa da hancin da ya tashi cikin hayaƙin turaren wuta.

An daɗe ana sa banila a turaren Turai, amma turaren da ya fito fili yana ƙamshin kayan zaƙi bai yi tashe ba sai a 1992, lokacin da kamfanin Thierry Mugler na Faransa ya fitar da Angel, wanda Olivier Cresp ya yi aikin haɗa shi. An zuba masa sinadarin etil maltol mai ƙamshin narkakken sukari, aka danne zaƙin da man faculi mai yawa. Wannan dannewar ita ce gwanintar. Yawancin waɗanda suka kwaikwayi Angel daga baya sukarin suka ɗauka, suka bar faculin. Wasu gidajen turare sun bi ɗaya hanyar: Serge Lutens ya fitar da Borneo 1834 a 2005, koko da faculi kusan babu zaƙi, sai Black Orchid na Tom Ford a 2006, sai Coromandel na Chanel a 2007. Ta hannun kamfanonin ƙasashen Larabawa yayin turaren cakulan ya iso kasuwannin Kano da Kaduna da Maiduguri a farashin da talaka zai iya. 'Yar kwalbar Choco Musk ta Al-Rehab, mai cin mililita 6, ta shiga jakunkunan ɗalibai da ma'aikata, TikTok da Instagram suka ƙara mata kasuwa. Ita tana ɓangaren zaƙi, kuma a kanta mutane da yawa suka san turaren cakulan.

Koko kansa ba shi da zaƙi. Ɗanyar ƙwayarsa ma ba ta ƙamshin cakulan. Manomi yakan fasa ɓawon, ya tara ƙwayoyin da farin yauƙinsu, ya rufe da ganyen ayaba na kwana biyar zuwa bakwai har su yi tsami, sannan ya shanya su a rana. Ƙamshin da aka sani yana fitowa ne wajen gashi, kuma yana zuwa da ɗaci da ƙauri da ɗan warin itace. Sukari da madara a masana'anta ake ƙara su. Fiye da rabin kokon duniya daga Kwaddibuwa da Gana yake fitowa, Najeriya ma tana cikin manyan masu noma shi, musamman a jihohin Ondo da Kuros Riba. Abin da ake tatsa daga gasasshen koko domin turare yana da kauri, launinsa ruwan ƙasa ne mai duhu, yana da tsada, shi ya sa kwalaben araha suke dogara da sinadaran da aka haɗa a ɗakin gwaji. Sinadari ba aibi ba ne, manyan gidajen turare ma da shi suke aiki. Aibin shi ne mai haɗi ya tsaya kan banila da narkakken sukari saboda su suka fi saurin kama hancin mai saye.

Ƙamshin ƙasan kuwa daga ganye da saiwa yake zuwa. Faculi ganye ne ɗan dangin na'a-na'a, mafi yawan mansa daga Indunusiya ake kawo shi. Ana busar da ganyen, a tatso man da tururi, kuma yana ƙara kyau idan ya daɗe a ajiye. Tsohon man faculi da kansa yana da wani ƙamshi mai kama da garin koko, don haka su biyun suke shiga juna ba tare da an tilasta musu ba. Akan ƙara saiwar jema, da man wata ciyawar Indiya 'yar uwar kajiji. A nan ne turaren ya daina zama baƙo. Jema ita ce saiwar da iyaye mata suke jefawa a randa domin ruwa ya yi ƙamshi. Kajiji kuma babu mai haɗa turaren wuta a Borno ko Kano da ba ta san shi ba. Wanda ya girma a ɗakin da ake turara kaya a kan kasko, da sandal da farce da kajiji, ya riga ya san rabin wannan turaren tun kafin ya buɗe kwalbar. Koko ne kawai sabon shiga, kuma yana zama daram a tsakaninsu.

Kasancewar turaren na mai yana da tasiri a kan yadda yake tashi. Turaren fesawa alkohol ne ke ɗauke da shi, yana bushewa nan take, ya watsa ƙamshin ko'ina. Na mai yana kwanciya a fata, ɗumin jiki ne ke tada shi sannu a hankali, ba ya zuwa nesa amma yana daɗewa. Irin wannan tafiyar hawainiya ta dace da koko da faculi, domin dukansu masu nauyi ne. A mintunan farko ɗacin ne ke gaba, har wani ya ji kamar magani. Bayan rabin sa'a sai ya sassauta, ƙamshin gashi ya fito, daga ƙarshe a bar mutum da ƙasa da itace da ɗan almiski a wuyan riga.

Yanayi ne ke raba gardama tsakanin iri biyun. Da hunturu, fata ta bushe, iska ta yi sanyi, kowannensu yana da daɗi. Da bazara ta kama, a watan Afrilu, mai zaƙin yakan haɗu da gumi ya yi nauyi, ya gundiri mai shi da na kusa da shi, musamman a motar haya ko ofishin da babu wuta. Mai duhun ba ya yin haka idan an sa kaɗan, saboda ɗacinsa da bushewar jema suna riƙe shi. Wannan ne kuma ya sa ya dace da maza kamar yadda ya dace da mata. Dattijon da ba zai yarda ya shiga sahun Juma'a yana ƙamshin alawa ba zai iya shafa mai koko da faculi ba tare da jin nauyi ba, tun da bai yi nisa da udu da ya saba da shi ba.

Ɗigo biyu sun isa: ɗaya a wuyan hannu, ɗaya a gefen wuya, bayan wanka, tun fata tana da ɗan laima. Ba a shafa shi a kan farar shadda, domin mai ne kuma mai launi, tabonsa yana wuyar fita. Idan an riga an turara kaya, sai a rage, kada su yi gasa. Mai fata mai saurin ƙaiƙayi ya fara gwadawa a cikin gwiwar hannu ya bari ya kwana, musamman idan turaren na awo ne da aka ɗura a kwalbar da ba ta da rubutu.

A wajen saye ne aka fi yin asara. Mai shago yakan miƙo murfi ko sandar gilashi, mai saye ya shaƙa sau ɗaya ya biya. A irin wannan gwajin mai zaƙi ne kullum zai ci, saboda duk abin da yake da shi yana bayarwa a shaƙar farko. Mai duhun yana buƙatar lokaci. Abin da ya dace shi ne a shafa a hannu, a fita a zaga kasuwa, a dawo bayan rabin sa'a a yanke shawara.

Masu haɗa humra da turaren mai na gida suna da damar da ba su taɓa ba tukuna. Kajiji da jema suna hannunsu, koko yana kudancin ƙasar, kuma sun fi kamfanonin waje sanin abin da zafin Arewa ke yi wa ƙamshi. Maimakon sayo mai zaƙi daga Dubai a sake masa kwalba, su gwada haɗa nasu mai ɗaci. Masu saye kuma su riƙa tambayarsa da sunansa a shago, domin ɗan kasuwa ba ya kawo abin da ba a nema.