Naʼura da Ƙaʼidar Koyarwa: Darasin Telebijin na Makaranta

A shekarar 1964 aka buɗe telebijin na makaranta a Yamai da taimakon Faransa, watau Télé-Niger. Masu shirin sun yi ƙoƙarin kusantar da darasi ga rayuwar yaro: ana nuna masa rijiya da rumbu da kasuwa irin na garinsu. Amma bakin da ke magana cikin akwatin Faransanci ne tsantsa tun daga ajin farko. Nan ne, a ganinmu, aikin ya yi rauni, domin hoton rumbu bai isa ya mai da darasi na gida ba muddin yaro bai ji abin da ake faɗi a kansa ba. Shirin bai game ƙasa ba har aka dakatar da shi a ƙarshen shekarun 1970.

Makarantar gwaji da aka buɗe a Damagaram a 1973 ta bi wata hanya dabam. Ba ta da akwati, amma tana da ƙaʼida: a fara karatu da rubutu da Hausa, saʼan nan a shigo da Faransanci sannu a hankali, daga abin da yaro ya sani zuwa abin da bai sani ba.

Yau ana tallar darussa na salula da kwamfuta, ana cewa suna gane inda mai koyo yake, su daidaita kansu da shi. Kafin masu tsara yaƙi da jahilci su karɓe su, ya kamata su tambaya: me naʼurar ta gane? In ɗan Tawa ya ce "hwari" ta ce ya yi kuskure don "fari" kaɗai ta sani, to, ba ta san shi ba. In ba ta bambanta "kafa" da "ƙafa", ko ta gabatar da ɓ da ɗ kafin yaro ya riƙe b da d, ta rushe matakan koyo. In kuma ta mai da malami mai gadin aji kawai, wa zai gyara wa yaro inda ya kauce?

Saboda haka shawararmu ita ce a fara da tsara harshen koyarwa, da jerin darussa, da horon malamai. Bayan wannan ne za a auna kowace naʼura, a ga ko ta dace da tsarin ko a bar ta.